Shafa Mai a Fuskar Yaro Mai Kirci: Dalilinsa, Hanyarsa da Iyakarsa



 Maudu'in laccar shi ne shafa mai a fuskar yaron da ke fama da kirci, wato cutar fatar nan mai bushewa da ƙaiƙayi wadda take tashi ta kwanta tsawon watanni ko shekaru, wadda likitoci ke kira egzima mai nasaba da gado. Mai sauraro yana iya tambaya: shin shafa mai, abin da kowace uwa take yi wa ɗanta bayan wanka, har ya kai a tara jama'a a kansa? Matsayin wannan lacca shi ne ya kai, domin ga yaro mai kirci shafa mai shi ne ginshiƙin jinya, kuma mafi yawan wahalar da ake sha a gidaje tana tasowa ne daga rashin sanin man da ya dace, da yawan da ake bukata, da kuma inda amfaninsa ya tsaya. Za a bi maganar a cikin batutuwa bakwai.

Batu na farko: cutar da kamanninta a fuska

Kirci cuta ce ta ƙuruciya kafin komai, domin kimanin kashi 60 cikin 100 na masu ita suna fara ta ne a shekararsu ta farko, kuma mafi rinjaye sun fara kafin su cika shekara 5. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuma ƙazanta ce take kawo ta ba, amma tana bin jini, ta yadda sau da yawa akan sami mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido a cikin dangin yaron. An daɗe ana ɗauka cewa cuta ce ta ƙasashen Turai masu sanyi da wadata, har sai da wani babban bincike na ƙasa da ƙasa kan asma da alaji a tsakanin yara, wanda aka fi sani da ISAAC, aka kuma fara shi a 1991, ya nuna akasin haka. Sakamakon zangonsa na farko da aka buga a 1999 ya nuna cewa a tsakanin yara masu shekara 13 zuwa 14, yawan masu alamun kirci ya kama daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a Albaniya zuwa fiye da kashi 17 cikin 100 a Nijeriya, inda aka tattara bayanan a Ibadan.

A jikin jariri cutar ta fi son kumatu da goshi da haɓa da fatar kai, kuma takan tsallake kan hanci da wurin da ƙunzugu yake rufewa, yayin da a jikin yaron da ya tasa takan koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya, ta bar saura a kewayen ido da baki. Littattafan likitanci da yawa suna siffanta ta da jan fata, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi a bakin ramukan gashi, kuma wannan bambanci yakan sa a raina tsananin cutar a jikin yaran Afirka. Bayan wurin ya lafa yakan bar tabo mai haske ko mai duhu wanda yake ɗaukar watanni kafin ya koma daidai, kuma wannan tabon ne yake tayar wa iyaye hankali fiye da komai, har ya tura su neman mayukan da za a yi magana a kansu a batu na ƙarshe. Ya kamata kuma a bambanta kirci da ƙyasbi da makero, waɗanda ƙwayar fangas ce take kawo su, da ƙazwa, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake haddasa ta kuma takan kama 'yan gida gaba ɗaya, da ƙurajen zafi na bazara, domin kowace daga cikinsu maganinta daban ne, kuma malamin asibiti ne ya kamata ya tantance.

Batu na biyu: abin da ya sa fatar take bushewa, da abin da ya sa fuska ta fi shan wahala

Shimfiɗar fata ta can sama, wadda kaurinta bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba a mafi yawan sassan jiki, ita ce take hana ruwan jiki tsiyayewa zuwa iska, take kuma tare ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta. Masana fata sukan kwatanta ta da katanga, kuma kwatancin ya dace da ginin ƙasa da kowa ya sani: matattun ƙwayoyin fata su ne tubala, wasu nau'o'in kitse da ke tsakaninsu, waɗanda mafi yawansu ake kira seramaid, su ne laka da yaɓe. A fatar mai kirci yaɓen ya yi ƙaranci, tubalan kuma ba su zauna daidai ba, saboda haka ruwa yana fita fiye da ƙima, abubuwan waje kuma suna kutsawa ciki su tsokani garkuwar jiki, ita kuwa ta mayar da martani da kumburi da ƙaiƙayi. Yaro ya yi susa, farce ya ƙara ɓarke fatar, ƙaiƙayin ya ƙaru, ya sake yin susa, kuma wannan zagayen ne yake hana shi barci, ya hana uwarsa.

A 2006 wata tawagar masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotland, ƙarƙashin jagorancin Irwin McLean, ta gano cewa naƙasu a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadari mai suna filagirin yana cikin manyan dalilan kirci. Filagirin shi ne yake daidaita zaman ƙwayoyin fata na sama, kuma idan ya narke yakan zama wasu ƙananan sinadarai masu riƙe ruwa a cikin fata. Binciken da aka yi daga baya a Habasha da kuma tsakanin baƙaƙen fata na Amurka ya nuna cewa irin naƙasun da aka fi samu a Turawa bai yawaita a jikin 'yan asalin Afirka ba, amma duk da haka raunin fatar da bushewarta suna nan ta wasu hanyoyi, don haka hukuncin jinyar bai canja ba.

To, me ya sa fuska? Fatar jariri ta fi ta babba siranta, kuma wani bincike da aka buga a 2018 daga Dublin ta ƙasar Ayaland ya nuna cewa sinadaran riƙe ruwa da aka ambata sun fi jinkirin cika a fatar kumatu fiye da sauran wuraren da aka auna a shekarar farko ta rayuwa. Ban da wannan rauni na halitta, fuska ba a rufe ta da tufa, ita ce take jiƙewa da dalalar miyau lokacin fitar haƙori, da nono da kunu da miya, ta bushe, ta sake jiƙewa sau da yawa a yini, kuma ita ce take gugar zanin goyo da bayan uwa. Miyau yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, waɗanda idan suka daɗe a kan fata mai rauni sukan ci ta. Sai kuma hunturu, wanda daga Nuwamba zuwa Fabarairu yake kwaso busasshiyar iska da ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har laimar iska a garuruwa irin su Kano da Katsina da Damagaram takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Idan lafiyayyen babba yana yin furu-furu, leɓensa yana tsagewa a wannan lokaci, yaya ake zaton kumatun jariri mai kirci za su kasance?

Batu na uku: abin da shafa mai yake yi, da abin da ba ya yi

Man shafawa yana aiki ta hanyoyi uku: yana shimfiɗa wani rufi a kan fata wanda yake hana ruwa fita, yana cike gibin da ke tsakanin ƙwayoyin fata har ta yi laushi, wasu mayukan kuma suna ɗauke da sinadarai irin su gilisarin masu jawo ruwa su riƙe shi. A 2017 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta auna ingancinsu, ta duba bincike 77 da suka ƙunshi mutum fiye da 6,000, ta kuma ga cewa shafa mai yana rage yawan tashin cutar, yana tsawaita kwanakin da take kwance, yana kuma rage yawan maganin kumburi da ake bukata. Ma'anar wannan ga uwa ita ce, shafa man bai kamata ya tsaya ba don fuska ta yi sumul, domin raunin fatar yana nan ko da ido bai gan shi ba, kuma daina shafawar ranar da aka ga sauƙi yana cikin manyan dalilan da suke dawo da cutar bayan mako ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wani zato mai kyau da bincike ya kasa tabbatarwa, kuma adalci ne a faɗe shi. Tun da rigakafi ya fi magani, masana sun yi fatan cewa shafa wa jariri mai kullum tun daga haihuwa zai hana kirci fitowa. An gwada wannan a Ingila a kan jarirai 1,394 waɗanda ake da cutar a danginsu, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020, kuma da yaran suka cika shekara 2 ba a ga bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka shafa wa da waɗanda ba a shafa wa ba. Wani gwajin da aka yi a Norway da Sweden a kan jarirai fiye da 2,000, wanda shi ma aka buga a 2020, ya zo da irin wannan sakamako. Saboda haka bai dace a ɗora wa uwa laifin cewa sakacinta wajen shafa mai ne ya jawo wa ɗanta kirci ba, kuma kakanni da dangin miji su ne suka fi cancanta su ji wannan.

Batu na huɗu: wane mai za a shafa?

Mayukan da ake sayarwa sun kasu gida huɗu gwargwadon yawan maiƙo da ruwan da ke cikinsu. Akwai mai kauri wanda kusan duk maiƙo ne, kamar farin jelin fetur da aka fi sani da Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872; akwai kirim, wanda haɗin maiƙo ne da ruwa; akwai loshan, wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa; sannan akwai jel. An daɗe ana koyar da cewa mai kauri ya fi kowanne aiki, sai wani gwaji da Jami'ar Bristol ta jagoranta, wanda aka buga a 2022, ya raba yara 550 masu wata 6 zuwa shekara 12 gida huɗu, kowane gida da nau'insa, aka bi su mako 16, kuma ba a sami wanda ya fi wani rage tsananin cutar ba. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, man da yaro ya yarda da shi, wanda iyaye za su iya saye ba yankewa, shi ne ya fi dacewa, kuma wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin robar jeli mai araha da ake shafawa sau huɗu a yini ta fi amfani a kan kirim ɗin waje mai tsada da ake lakata kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare.

Duk da haka yanayi yana da ta cewa. A hunturu mai kauri ya fi dacewa, domin ya fi kowanne toshe fitar ruwa, kuma da yake babu ruwa a cikinsa ba ya bukatar sinadaran hana lalacewa, waɗanda su ne sukan yi wa tsagaggiyar fata raɗaɗi. A bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu yake kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, mai kauri yana iya toshe hanyoyin zufa ya haifar da ƙurajen zafi, sai ya fi kyau a koma wa kirim da rana, a bar mai kaurin zuwa dare ko zuwa wuraren da suka fi bushewa. Sharaɗin da ba ya canjawa shi ne man ya zama mara ƙamshi, mara launi, domin turare yana cikin abubuwan da suka fi tsokanar fata, kuma abin takaici ne cewa da yawa daga mayukan da aka zana hoton jariri a jikinsu cike suke da shi. Haka nan mayukan da ke ɗauke da sinadarin yuriya, waɗanda suke da amfani ga fason ƙafar manya, sukan yi wa fuskar ƙaramin yaro zafi.

Tambayar da ba ta rasa fitowa a irin wannan zama ita ce ta mayukan gida. Man kaɗe, wanda ake samu da yawa a jihohin Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Gana, yana da kitse masu laushin fata, ba a kuma cika samun rahoton ya tayar da alaji ba, don haka tsantsarsa, wanda aka tace da tsabta, abin karɓa ne ga yaron da fatarsa ta amince da shi. Matsalarsa tana zuwa ne daga kasuwa, inda ake cakuɗa shi da turare ko da mayukan da ba a san abin da ke cikinsu ba. Man kwakwa tsantsa an gwada shi a kan yara masu kirci a ƙasar Filifin, aka buga sakamakon a 2014, kuma ya nuna amfani. Man zaitun kuwa, duk da martabar da yake da ita a zukatan mutane a matsayin abinci da magani, wani bincike da aka yi a Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna cewa shafa shi kullum yana raunana shimfiɗar fata ta sama, saboda yawan wani nau'in kitse da ke cikinsa mai warware haɗin ƙwayoyin fata, don haka bai dace da fuskar mai kirci ba. Man gyaɗa shi ne ya fi bukatar gargaɗi a ƙasar da gyaɗa take cikin kowane gida. Wani bincike na Ingila da aka buga a 2003 ya sami alaƙa tsakanin shafa wa jarirai mayuka masu man gyaɗa a kan fata mai kumburi da kamuwa da alajin gyaɗa daga baya, kuma fahimtar masana a yau ita ce, abincin da ya shiga jiki ta tsagaggiyar fata yana iya sa garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, alhali wanda ya shiga ta baki yakan koya mata haƙuri da shi.

Batu na biyar: yadda ake shafawa

Mataki na farko shi ne wanke hannu da sabulu a ɗauraye sosai, kuma dalilinsa ya wuce tsabta kawai, domin hannun da ya taɓa ƙuli-ƙuli ko miyar gyaɗa ko ƙwai zai iya kai ɓurɓushinsu cikin fatar yaron tare da man. Idan man a cikin roba mai faɗin baki yake, a ɗebo shi da ƙaramin cokali mai tsabta maimakon a tsoma yatsa, saboda yatsa yana shigar da bakteriya cikin robar, su kuma su hayayyafa a koma ana shafa su a fuska, kuma saboda wannan dalilin ya kamata yaron ya sami robarsa shi kaɗai. Sai a ɗiɗɗiga man a goshi da kumatu biyu da haɓa da bayan kunne, a shafe shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, wato ta inda gashin fata ya kwanta, ba tare da murzawa ba, domin murza tana ɗumama fata ta tayar da ƙaiƙayi, tana kuma cusa mai cikin ramukan gashi har su yi ƙuraje. Alamar cewa an shafa isasshe ita ce fuskar ta ɗan yi sheƙi na wasu mintoci kafin fata ta shanye. A kewayen ido a yi amfani da farin jeli kaɗan, a kiyaye kada ya shiga cikin idon.

Sau nawa? Mafi ƙaranci sau biyu a yini, kuma a hunturu ko lokacin da fatar ta bushe ƙwarai sau huɗu ko fiye, domin fuska tana rasa man da aka shafa mata da sauri saboda goge-goge da wanki. Hukumar NICE ta Birtaniya, wadda take tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawara tun 2007 cewa yaro mai kirci a jiki yana bukatar giram 250 zuwa 500 na mai a kowane mako, adadin da yakan ba iyaye mamaki, kuma ko da yake fuska kaɗai ba ta cin wannan, adadin yana nuna cewa ƙarancin shafawa ya fi yawan shafawa zama matsala. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a ɗaura shafawar a kan abin da aka riga aka saba yi, kamar bayan wankan safe da na yamma, da lokutan canja ƙunzugu, ko bayan sallolin yini. Lokacin da ya fi kowanne kyau shi ne 'yan mintoci bayan wanka, bayan an tsane fuskar da tattausan tawul ta hanyar dannawa, tana da sauran laima.

Akwai wata dabara ta musamman ga yaro mai dalala ko wanda ya fara cin abinci, ita ce a shafa ɗan jeli a kewayen baki da haɓa kafin a ba shi nono ko abinci da kuma kafin barci, don ya shiga tsakanin fata da miyau, sannan bayan ya gama a wanke wurin da ruwa zalla, a tsane, a sake shafawa. Tumatir da lemo da abarba sukan sa kewayen baki ya yi zafi saboda tsaminsu, kuma wannan shi kaɗai ba hujja ba ce ta cewa yaron yana da alajinsu. Duk sabon mai kuma a fara gwada shi a ɗan wuri a damtsen yaron kwana biyu ko uku kafin a kai shi fuska.

Batu na shida: abubuwan da suke warware aikin

Fata tana da ɗan tsami na halitta wanda yake kare ta, sabulun wanka na yau da kullum kuwa, har da sabulun salo da sabulun da ake kira na magani, suna da kaifin toka wanda yake wanke kitsen fata ya rushe wannan tsami. Fuskar mai kirci ba ta bukatar sabulu, ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, kuma idan akwai datti ana iya shafa kirim ɗin nasa a ɗauraye. Ruwan zafi ƙwarai da ake gasa jariri da shi, da soso, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a baho, da hoda, da turaren da ke jikin zanin goyo, da hayaƙin turaren wuta a ɗaki rufaffe, da hular ulu mai gugar goshi da kumatu, dukansu suna iya mayar da aikin mako guda baya. Tufafin auduga sun fi dacewa, kuma yanke wa yaro farce a kai a kai yana rage ɓarnar susar dare.

Wajibi ne a ambaci wuta. Mai da ya jiƙa tufa ko zanin gado ya bushe a ciki yana sa su kama wuta da sauri, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta faɗaɗa gargaɗinta a kan haka a 2018. A gidajen da ake girki da itace ko gawayi da goyo a baya, ake kuma jin ɗumi a bakin wuta da hunturu, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi, don haka a nisanta yaron daga murhu da fitilar kananzir, a kuma yawaita wanke kayansa.

Batu na bakwai: inda mai ya tsaya, magani ya karɓa

Idan cutar ta tashi sosai, fatar ta kumbura, ƙaiƙayi ya hana barci, mai shi kaɗai ba zai kwantar da ita ba, kuma a nan ne ake bukatar man magani mai sinadarin sitiroyid, wanda aikinsa shi ne kwantar da kumburi. Waɗannan magunguna suna da matakan ƙarfi, kuma fatar fuska, musamman fatar ido, tana shanye su fiye da ta sauran jiki, shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi amfani da mafi sauƙinsu, wato haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, sau ɗaya ko biyu a yini na 'yan kwanaki, bisa umarnin likita, a kan wurin da ya tashi kaɗai. Ana auna shi da gaɓar yatsa, ma'aunin da likitoci biyu, Long da Finlay, suka bayyana a 1991: abin da aka matso daga bututu tun daga kan ɗan alin babba zuwa gaɓarsa ta farko, wanda ya kai kimanin rabin giram, shi ne ya ishi fuska da wuyan jariri ɗan ƙasa da shekara guda idan duk sun kamu. A bar tazarar kamar minti 30 tsakanin man magani da man shafawa don kada ɗaya ya tsarma ɗaya. Ga yaron da ya kai shekara 2 wanda cutar take yawan dawowa a fuskarsa, likitan fata yana iya rubuta wani magani mara sitiroyid mai suna takrolimus.

A nan kurakurai biyu ne suke fuskantar juna. Wasu iyaye suna jin tsoron sitiroyid har su bar yaro cikin azabar susa, alhali mai sauƙin, idan an bi ƙa'ida, illarsa kaɗan ce ƙwarai. Wasu kuma sukan je kemis su sayo mayukan nan masu haɗi uku, waɗanda ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol ko betametason, su zuba su cikin man kaɗe ko loshan ɗin yaro su riƙa shafawa kullum. Fuskar takan yi kyau cikin kwana biyu ko uku, har ta yi haske, kuma wannan saurin ne yake yaudarar mutane, domin bayan makonni fatar takan sirance, jijiyoyin jini su bayyana, ƙuraje su fito, shafawa a kewayen ido tana iya taɓa lafiyar idon, kuma a jikin jariri maganin yana iya shiga jini ya danne aikin wasu sinadaran jiki ya tauye girma. Hukumar NAFDAC mai kula da magunguna a Nijeriya ta sha yin gargaɗi a kan mayukan canja launin fata masu irin waɗannan sinadarai. Wane haske ne ya cancanci a saya wa jariri da wannan farashi? Masu kemis da malaman asibitin da suke miƙa waɗannan mayuka ba tare da tambayar shekarun wanda za a shafa wa ba suna da alhaki a cikin abin da yake biyo baya.

Haka nan bai dace a yaye yaro ko a hana shi madara da ƙwai da gyaɗa don zaton su ne sanadi ba sai da shawarar likita, domin hanin yana iya jefa shi cikin tamowa ba tare da fatar ta warke ba. Alamomin da suke wajabta zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba su ne: fatar ta fara tsattsafo da ruwa ko ta yi ɓawo mai launin zuma, wanda yake nuna shigar bakteriya, ko a ga ƙananan ƙuraje masu ruwa, masu kama da juna, sun fito a tattare suna fashewa suna barin ramuka, yaron yana zazzaɓi, wanda yake iya zama kamuwa da ƙwayar bairas ɗin da ke kawo ƙurajen leɓe, kuma wannan yana bukatar magani a ranar, musamman idan ya kusanci ido, ko leɓe da fuska su kumbura nan take bayan cin wani abinci, ko kuma a yi mako biyu ana bin duk abin da aka bayyana ba a ga sauƙi ba.